CIWON HUHU NA SHANUN NOMA
Darasi Ga Manomin Auduga

Manomi, in ka sayar da audugarka bana ka sauko Bangi, ka sauka wurin 'yan'uwa a unguwar Kilomita Biyar, kada ka koma gida sai ka sami wani tsohon mahauci kun zauna. Ka tambaye shi abin da ya kan gani cikin ƙirjin shanu. Shanun da a ke yankawa a Bangi daga nesa su ke zuwa, waɗansu daga garkunan Bororo na ƙasar nan, waɗansu daga Cadi, waɗansu daga Sudan. Zai gaya maka a kan yanka sa mai ƙiba, wanda ya shigo da ƙafarsa lafiya lau, amma da an buɗe ƙirji sai a tarar huhu ɗaya ya manne da haƙarƙari, a cikinsa kuma ga wani ƙullutu mai tauri kamar dunƙulen hannu.

Wannan ƙullutu shi ne darasinmu na yau. Gama irin wannan sa, in bai faɗa hannun mahauci ba, hannun manomi ya ke faɗawa.

ABIN DA CUTAR KE YI

Ka san iska ta hanci ta ke shiga, ta bi maƙogwaro, sa'an nan ta rarrabu cikin huhu ta 'yan hanyoyi kamar rassan itace. Ciwon huhu wata ƙwayar cuta ke kawo shi, sunanta a wurin likitoci Mycoplasma mycoides. In sa mai ciwo ya yi tari, sai ya fesa ta cikin iska, na kusa da shi ya shaƙa. Ta nan ta ke shiga, ta sauka can ƙarshen rassan nan.

Da ta sauka sai jiki ya tashi yaƙi da ita. Wurin ya kumbura, 'yan jijiyoyin jini su toshe, yankin huhun da jini ya daina kai wa ya mutu. Huhu da ya ke da taushi kamar soso sai ya yi tauri kamar hanta. In an yanka a ga zane-zane, wani wuri ja, wani toka-toka, da layuka masu rawaya a tsakani. Ruwa mai rawaya kuma ya taru cikin ƙirji, wani lokaci ya fi tulu guda. Galibi gefe ɗaya ta ke kamawa.

Waɗansu shanu su kan mutu cikin mako biyu ko uku. Waɗansu kuwa su kan miƙe. To, a nan hatsarin ya ke. Jikin wanda ya miƙe ya kan gina wata fata mai kauri ya kewaye mataccen wurin. Shi ne ƙullutun da mahauci ya gani. Ƙwayar cuta tana nan da ranta a ciki wata da watanni, wani lokaci har ta haura shekara. Masana da yawa suna ganin in wahala ta sami san, ko yunwa, ko doguwar tafiya, ƙullutun ya kan buɗe, ya koma fesa cuta. Ka tuna kuwa, ba wahalar da ta fi ta huɗar farkon damina, sa'ad da shanu su ka fito daga rani a rame.

YADDA A KA GANO WANNAN

Ba yau a ka fara bincike a kan cutar nan ba. Tun da daɗewa Fulani da waɗansu makiyaya na Afirka ta Yamma su kan yanki ɗan huhun da ya kamu, su tsaga fatar karan hancin lafiyayyen sa, su cusa. Wurin ya kumbura, in san ya tsira sai ya sami kariya. A 1852 wani likita a ƙasar Beljiyam, Louis Willems, ya bayyana irin wannan dabara, amma shi a bakin wutsiya ya ke sa ruwan huhun. Daga nan a ka fahimci abu guda: in cutar ta shiga ta ƙarƙashin fata kumburi ta ke kawowa a wurin, ba ta zama ciwon huhu sai an shaƙe ta.

A 1898 waɗansu masana biyu a Faransa, Nocard da Roux, su ka raba ƙwayar daban, su ka rene ta cikin 'yan jakunkuna da su ka sa a cikin zomaye. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, da ƙyar madubin likita ke nuna ta. Daga baya a ka gane ba ta da ɓawo irin na sauran ƙwayoyin cuta. Riƙe wannan da kyau. Allurar fenisilin ɓawon ta ke fasawa, sabo da haka ba ta yi wa wannan ƙwaya kome. Wanda ya saye ta domin ciwon huhu ya zubar da kuɗinsa.

A nan Afirka an yi aiki mai yawa a gidan binciken dabbobi na Vom a Nijeriya, da na Farsha kusa da Injamena. Allurar rigakafi da a ke kira T1/44 daga ƙwayar da a ka samo a Tanganyika a ka yi ta. An yi ta renonta cikin ƙwan kaji, daga wannan ƙwai zuwa wancan, har sau 44, har ƙarfinta ya karye. Yanzu tana koya wa jiki yaƙi, ba ta kawo ciwon.

Bincike ya kuma nuna rana da zafi suna kashe ƙwayar da sauri in ta bar jiki. Watau ba garma ke ɗaukar ta ba, ba kuwa takalminka ba. Sa ne ke kai wa sa, numfashi da numfashi: a kara, a burtali, a mashaya, a turke. Ina kuwa shanu biyu su ka fi haɗa numfashi da ya wuce ƙarƙashin karkiya ɗaya?

Amurka ta rabu da cutar a 1892, Ingila a 1898, Ostareliya a 1973. A Botsuwana da ta ɓulla a 1995 sai da a ka hallaka shanu 320,000 kafin ta mutu. Mu nan ba mu da halin yin haka. Rikicin 2013 da 2014 ya watsa garkuna, ya tsai da allura a wurare da yawa. Sabo da haka tsaron farko a hannunka ya ke.

ALAMUN DA ZA KA DUBA

Sa mai wannan ciwo jikinsa ya kan yi zafi, ya rage ci, ya daina tuƙa, ya riƙa zama baya in ana tafiya. Tarinsa busasshe ne, gajere, da alamar yana jin zafinsa. In ya tsananta za ka gan shi tsaye ya miƙa wuya, ya sunkuyar da kai, ya ware ƙafafun gaba, baki a buɗe, yana nishi. Ya kan fuskanci inda iska ke busowa. In ka ƙwanƙwasa haƙarƙarinsa sai ya zabura. 'Yan maruƙa kuwa sau da yawa gaɓoɓinsu ne ke kumbura.

Ba kowane tari ne ciwon huhu ba. Ƙurar rani tana sa tari, haka harawa ko angurya da ta yi fumfuna. Akwai kuma tarin fuka, wanda shi yana kama mutum ta ɗanyar madara. Rarrabe su aikin malamin dabbobi ne, ba naka ba. Naka shi ne ka ware, ka kai labari.

ABIN DA ZA KA YI

1. Sayi shanunka da wuri, da zarar kuɗin auduga ya shigo hannu. Cutar ta kan ɓuya daga mako uku har wata shida kafin ta nuna. Wanda ya saya a Janairu yana da watanni na lura kafin shuka a Yuni. Wanda ya saya ana gobe huɗa ya sayi abin da bai sani ba.

2. Tambayi dillali garken da san ya fito, da ko an yi mutuwa a cikinsa, da ranar da a ka yi masa allura. In da hali ka sayi biyun daga garke ɗaya.

3. Kafin ku gama ciniki, sa a kora san ya yi ɗan gudu, sa'an nan ka tsaya ka saurara. In ya yi tari, ko numfashinsa ya daɗe bai kwanta ba, bar shi. Kada sauƙin kuɗi ya ruɗe ka. Araha ba ta ado.

4. Baƙon sa a yi masa turke nesa da sauran, da kwaryar ruwansa dabam, aƙalla wata uku. Kada ya je mashaya tare da na gari.

5. Kowace shekara a yi wa shanunka allura, gama kariyarta ba ta wuce kamar shekara guda. In ma'aikatan ANDE ko na ƙungiyar makiyaya ta FNEC sun zo, fito da su duka, har wanda ka ke ganin ya fi lafiya. Ruwan allurar mai rai ne, tilas ya zo cikin sanyi, in an dama kuma a yi aiki da shi nan da nan. Kada ka yarda da kwalbar da ta wuni a rana. In wurin allurar ya kumbura yana yaɗuwa bayan mako biyu ko uku, kira malamin, akwai maganinsa.

6. In sa ya kamu, cire shi daga karkiya ran nan, ka ware shi da abokin aikinsa duka, ka gaya wa malamin dabbobi da mai gari. Kada ka yi aron sa, kada ka ba da aro, sai an duba.

7. Akwai magunguna da ke kwantar da ciwon, amma ba lalle su kashe abin da ke cikin ƙullutu ba. Kada ka yi allura da ka. Bari likita ya faɗi wanda za a yi wa magani da wanda za a yanka.

8. Ciwon nan ba ya kama mutum. In malamin duba nama ya yarda, a ci naman, a binne huhun.

TSAKANINKA DA ALLAH

Saura magana ɗaya. Wata rana sanka zai yi ciwo ya miƙe, ya yi ƙiba, zuciya ta ce maka, “Kai shi kara ka rabu da shi tun ba a sani ba.” Ka san abin da ke cikin ƙirjinsa. Wanda zai saya manomi ne kamarka, da kuɗin guminsa na shekara guda, watakila ma da bashi. In ya haɗa shi da nasa, damina ta same shi da karkiya ba shanu, ya koma fartanya, gonar da ya yi niyyar huɗawa cikin kwana huɗu ta ci masa makonni, shuka ta makara, auduga ta ƙi auki. Irin wannan sa wurinsa ɗaya ne, hannun mahauci. Ka faɗa masa gaskiya, ka karɓi abin da ya samu.

TAMBAYOYI

Karanta wa maƙwabtanka wannan takarda, ku amsa tare:

1. Ta wace hanya ciwon huhu ke tashi daga sa zuwa sa?
2. Don me san da ya warke ya fi mai ciwo hatsari a kara?
3. Wane wata ya kamata ka sayi shanun noma, don me?
4. Yaushe a ka yi wa naka allura ta ƙarshe?

In ba ka iya amsa ta huɗu ba, je wurin malamin dabbobi cikin makon nan. Allah ya ba mu damina mai albarka.