Gigin Tsufa: Gado Ne Ko Zama Ne?

Sau da yawa akan kawo wa hakimi ƙarar gona, a ce shaida shi ne wani dattijo, sa'an nan a tarar ba ya tuna ko sunan ɗansa. Mutane kan ce ai gidansu haka suke tsufa, waɗansu kuwa su ce sammu ne. Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne. Wani likita Bajamushe, Alzheimer, ya bayyana irinsa mafi yawa a 1906.

Lalle gado yana da nasa rabo. Akwai wata ƙwayar halitta da masana ke kira APOE4, wadda mai ɗauke da ita ya fi saurin kamuwa. Amma tun daga 1992 likitoci suka gwada tsofaffin Yarabawa na Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis a Amurka, masu shekara 65 zuwa sama. Ƙwayar nan kusan daidai take a wurin duka biyu. Duk da haka lissafin 1995 ya nuna ciwon ya kama kamar mutum 2 cikin 100 a Ibadan, a can kuwa kamar 8. Watau abinci da irin zama suna da babban hannu. A 2024 wani kwamitin masana ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, masu jawo kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, kurumta, raunin gani, buguwar kai da zaman kaɗaici.

Hawan jini ya fi duka kamata a lura da shi a ƙasar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, domin ba ya sallama, kuma aikinsa kan fara tun mutum yana shekara 40. Hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa su tura mutane awo, maza da mata. Masu babur da ke bin Kwanar Dangora su riƙa sa hular kwano.

Magatakarda kuwa, in an zo cinikin gona a Ƙofa ko wani gari da dattijon da hankalinsa ya raunana, kada ya karɓi dangwalen yatsansa. Ya sanar da hakimi, a kira 'ya'yansa, a kai shi wurin likita, domin wata ruɗewar tana da magani. Tsohuwar da ke fita da dare tana sambatu, a hana yara jifarta da kiranta mayya.