Waya a wurin aiki

Darasinmu na yau bisa wayar hannu ne, wadda wasu ke ce ma salula, wasu talho. Za mu duba yadda matasa ke aiki da ita a wurin sana'a: shagon tela, garejin makanike, kanti, tasha, biro ko asibiti. Ko kai yaron shago ne, ko maigida mai yara ƙarƙashinka, ko ke uwarɗaki ce mai koya ma ƴan mata ɗinki, maganar ga ta shafe ku duka.

Yadda waya ta shigo

Wayar hannu ta fara aiki a Nijar cikin shekarar 2001. Kafin nan, talho mai igiya sai biro-biron gwamnati da gidajen masu hali na manyan birane. Mai son aika saƙo sai shi nemi mai rubuta wasiƙa, ko shi ba direba sallahu a tasha. Kamfanin Celtel na cikin waɗanda sunka fara. Ya koma Zain a 2008, sa'an nan Airtel a 2010. Facebook kuwa an ƙirƙiro shi a Amurka a 2004, WhatsApp a 2009. Da babbar waya mai shafawa ta yi sauƙin kuɗi, sai su ma sunka iso mu.

Kusan rabin mutanen ƙasarmu ba su kai shekara 15 ba. Ke nan masu shiga sana'a yanzu, da waya sunka buɗe ido. Maigidansu kuwa ya koyi aiki lokacin da babu ita. Nan ne saɓani ke somawa. In yaro ya duƙa bisa waya, maigida na ganin wasa yake, shi kuma yaro na cewa aiki yake. Wani lokaci maigida ke da gaskiya, wani lokaci yaro.

Amfaninta ga mai sana'a

Wata malamar jami'a ta Amurka, Jenny Aker, ta binciki kasuwannin hatsi na Nijar a shekarun da rezo ke yaɗuwa, daga 2001 zuwa 2006. Ta gano bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili mai sauƙi ne. A da, ɗan kasuwa sai ya biya kuɗin mota ya tafi kafin shi san nawa ake saida gero can. Da waya ta zo, sai shi kira kasuwa uku ko huɗu yana zaune.

Yau abin ya wuce nan. Tela na Maraɗi na sa hoton ɗinkinshi a WhatsApp, mace ta gani daga Tasawa ta aiko da atamfa. Yaron makanike na ɗaukar hoton ƙarfen da ya lalace, shi tura ma mai saida kayan gyara a kasuwar Katako ta Yamai. Mai albasa a Galmi na jin farashin Akra ko Abijan kafin shi yi lodi. Ɗan kabu-kabu na da mutanenshi masu kiranshi. Kuɗi ma ana tura su ta Nita, Amana ko Al Izza. Sau da yawa yaron shago ne ke yi ma maigida duk wannan, don shi ya fi sanin kan wayar.

Karatun da kake koyo yana ƙara ma wayarka amfani. A 2009 an soma wani shiri mai suna ABC cikin azuzuwan yaƙi da jahilci na jihohin Doso da Damagaram. Wasu ɗalibai an koya musu rubuta saƙo bisa waya, wasu ba a koya musu ba. Waɗanda anka koya ma sun fi sauran ƙoƙari wajen rubutu da lissafi. Saƙon murya na da daɗi, amma awon riga, kuɗin da anka yi ciniki da ranar karɓar kaya, a rubuce sunka fi tsaro. Ran da gardama ta tashi, sai a buɗe a karanta.

Lokacin aiki

To, mu yi ɗan lissafi. A ce yaro na duba Facebook ko TikTok minti 10 cikin kowace awa. Wunin aiki awa 8 ne, ke nan minti 80. Cikin kwana 6 ya zama minti 480, watau awa 8 cif. Ka ga ya ɓatar da wuni guda kowane mako, bai ma sani ba. In kuma yana sayen kiredi na dala 40 kullum, a wata ya kashe jika 6. Ɗan koyo nawa ke samun jika 6 na banza?

Asarar ta fi ta kuɗi. Sana'a da ido ake koyonta. Lokacin da maigida ke yanka wuyan riga ko yana kwance inji, yaron da idonshi ke bisa waya bai ga komi ba. Shekara ta zagayo, tsaranshi sun iya, shi yana nan wurin sa maɓalli.

Akwai kuma haɗari. Mai walda, mai injin niƙa, mai hawa tsani da mai tuƙin babur, hannunsu da hankalinsu duka aikin ke so. Taura biyu ba ta taunuwa. In waya ta yi ƙara kana bisa babur, raɓe gefen hanya ka tsaya, sa'an nan ka ɗauka.

Abin da ka gani wurin aiki amana ne

Nan ne matasa sunka fi yin tuntuɓe. Amarya ta kawo ɗinkin bikinta. Yarinyar shago ta ga ya yi kyau, ta ɗauki hoto ta watsa tun kafin ranar biki. Amarya ba za ta sake dawowa shagon ba, kuma za ta gaya ma ƙawayenta. Hakanan mai shara a asibiti da ya ɗauki hoton majinyaci, ko masinja a biro da ya ɗauki hoton takardar wani, ko yaron kanti da ya faɗi ma abokai masu bashin maigida da nawa ake bin su.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Hoto ya fi magana wuyar maidowa. Kai mutum guda ka tura ma, shi ya tura ma goma, kafin la'asar ya kai Agadas. Ko ka goge daga taka waya, yana nan cikin ta wasu. Don haka kafin ka ɗauki hoton mutum ko kayanshi, tambaye shi. In ya ce a'a, magana ta ƙare.

In kun samu saɓani da maigida, kada ka kai ƙararshi a Facebook. Nemi babba cikin ƴan sana'arku ko wani dattijo shi shiga tsakani. Wanda zai ɗauke ka aiki gobe na iya ganin zagin da ka yi yau. Ka san kuma akwai doka. Nijar ta kafa dokar hukunta laifukan intanet a 2019. A 2022 an cire ɗauri ga laifin zagi da ɓata suna, amma a watan Yuni na 2024 an maido shi: shekara 1 zuwa 3 gidan kaso, da tara. Yi hattara har da abin da wani ya turo maka, kafin ka tura shi gaba.

Masu sayayya na wa ne?

Ga wata gardama da ba a san ta ba a da. Yaro ne ke sa hotunan kayan shago, lambarshi masu saye ke kira. Ran da ya tashi buɗe nashi wuri, sai shi tafi da su duka cikin aljihu. Maigida ya ce an ci amanarshi, don kayan nashi ne, sunan ma nashi ne. Yaro ya ce shi ya nemo su, da kiredinshi.

Maganin abin tun farko ake yin shi. Shago shi samu lambar kanshi, wadda anka yi ma rajista da sunan maigida. Kiredin aiki shi fito daga kuɗin shago. Yaron da ya jawo mai saye kuma a ba shi wani abu bisa cinikin, gwargwadon yadda anka shirya.

Macuta

Macuta sun san matasa na neman aiki ido rufe. Za ka ga saƙo: ana ɗaukar ma'aikata, albashi mai tsoka, tura kuɗin takardu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya ce ka biya kafin ka ga biro nashi da idonka, bar shi. Wani kuma zai nuna maka hoton saƙo, wai ya tura kuɗin kaya. Kada ka miƙa kayan maigida sai ka ga kuɗin sun shigo cikin asusun shago. Lambar sirri ta kuɗinka, da lambobi 6 da WhatsApp ke aiko maka, ba a faɗa ma kowa su, ko da mai kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.

Kai kuma maigida

Ƙwace waya ba ya magance komi. Yaro zai ɓoye ta, kai kuma ka rasa mai tallata maka kaya. Zamani riga ne. Zauna da yaranka ku tsaida magana: yaushe ake taɓa waya, hoton mi ake ɗauka, wa ke biyan kiredi. Ku bar ƙofa ga kiran gaggawa daga gida. Kai ma ka riƙe naka ɓangare. In an tashi aiki, bar yaro shi huta. Kada don yana da waya ka riƙa tada shi tsakar dare. In ya fi ka iya ta, ce mishi shi koya maka, babu kunya ciki.

Tun da yanzu kun iya rubutu, ku rubuta abin da kunka shirya bisa takarda, kowa shi sa hannu, ku liƙa ta a bangon shago.

Tambayoyi

1. A wace shekara wayar hannu ta fara aiki a Nijar?
2. In yaro na ɓata minti 15 cikin kowace awa, minti nawa ke nan cikin awa 8?
3. Mi ya kamata ka yi kafin ka ɗauki hoton kayan mai sayayya?
4. Don mi ya fi kyau shago shi samu lambar kanshi?

Aikin gida

Rubuta ƙa'idodi huɗu na aiki da waya da sunka dace da wurin sana'arka. Ka zo da su aji mu karanta tare.