Shayi Cikin Ɓawon Lemo: Darasi a Kan Siffanta Ɗanɗano

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa unguwar Hubbare a birnin Sakkwato da sassafe, wato inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754–1817) yake, zai tarar da masu shayi sun kafa tebura, maziyarta da 'yan unguwa suna karin kumallo. Wani da madara yake sha, wani ya matsa lemun tsami, wani kuwa ya fi son na Buzaye, wanda ake dafa ganyensa har sau uku. Amma da za a tambayi ɗalibi yadda kowannensu yake a baka, da wuya amsarsa ta wuce "akwai daɗi". Wannan ƙarancin kalmomi yana daga cikin abubuwan da ke raunana insha'in siffantawa. Don haka darasin zai ɗauki wani shayi na ƙasar Sin a matsayin misali, saboda ya tara ɗanɗano iri-iri a kofi guda.

2.0 Manufa

A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi ya iya:
(a) bayyana yadda ake haɗa wannan shayi da yadda ake dafa shi;
(b) bambanta kalmomin ɗanɗano na Hausa;
(c) tsara darasin siffantawa ga 'yan firamare.

3.0 Yadda Ake Haɗa Shi

Abu biyu ake gamawa. Na farko shi ne baƙin shayin Pu'er na lardin Yunnan. Tun a 1973 masana'antar shayi ta birnin Kunming ta fito da dabarar tsibe ganyen, a yayyafa masa ruwa, a lulluɓe shi na tsawon makonni har ya nuna ya yi duhu. Bahaushe ba baƙon wannan hikima ba ne, domin kusan haka ake rufe dafaffiyar kalwa ta zama daddawa. Irin wannan ganye, daɗewa a ajiye ba ta lalata shi, sai ma ta rage masa kaifi.

Na biyu shi ne wani nau'in tanjarin da ake nomawa a gundumar Xinhui ta lardin Guangdong. Akan tsinke shi ɗanye shar a watannin Yuli da Agusta, ko kuma a bari ya nuna zuwa ƙarshen shekara. Sai a yanke masa ɗan murfi, a ƙwaƙule cikinsa, a wanke ɓawon, a ɗura ganyen shayin a ciki, sannan a shanya a rana ko a busar da zafi kaɗan. Yayin da yake ajiye, ganyen yana shan ƙanshin ɓawon.

4.0 Dafawa

Akan cire murfin, ko a huda ɓawon, ko a farfasa shi. Sai a zuba tafasasshen ruwa, a tsiyaye nan take a zubar, domin wannan ɗauraya ce kawai. Daga nan a sake zuba ruwa, a dakata 'yan daƙiƙu, a tace. Ƙwallo ɗaya yakan jure zubi goma ko fiye, kuma ba a sa sukari ko madara. Ɓawon da ya yi funfuna saboda laima ba a amfani da shi.

5.0 Kalmomin Ɗanɗano

Zubin farko ƙanshin lemo ne ke rinjaye, tare da ɗan ɗaci na ɓawo. A tsakiya ruwan yakan yi ja mai duhu, ya yi kauri da garɗi, da ƙanshi irin na ƙasa bayan ruwan fari. Can ƙarshe sai wani ɗan zaƙi ya biyo baya, har ruwan ya koma salam. A nan ya kamata malami ya lura da waɗannan:

Ɗaci: kamar maɗaci ko shuwaka.
Bauri: ɗaurewar baki, kamar goro.
Tsami: kamar tsamiya.
Garɗi: kamar soyayyar gyaɗa.
Salam ko lami: rashin ɗanɗano.

Ɗalibai sun fi rikita ɗaci da bauri. Shayin Buzaye na zubin farko yana da duka biyun, shi kuwa wanda aka tsibe ya nuna, baurinsa ya ragu ƙwarai.

6.0 Koyarwa a Aji

Ba dole ne malami ya samo shayin Sin ba. Ya isa ya kawo goro da tsamiya da gyaɗa, da shayin da aka jiƙa da busasshen ɓawon tanjarin. Kowane yaro ya ɗanɗana, ya faɗi kalmar da ta dace, sannan ya gina jimla. A hana amfani da kalmar "daɗi" har ƙarshen darasi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ɗanɗanon shayi ɗaya yana sauyawa daga zubi zuwa zubi, kuma Hausa tana da kalmar kowane mataki. Aikin malami ne ya sa yara su riƙa amfani da su, domin kalmar da aka daina furtawa a aji da gida, ɓacewa take yi.

8.0 Auna Fahimta

1. Kwatanta yadda ake sarrafa shayin Pu'er da yadda ake yin daddawa.
2. Mene ne bambancin ɗaci da bauri? Kawo misalai bibbiyu.
3. Siffanta shayin unguwarku cikin jimloli goma, ba tare da kalmar "daɗi" ba.