Karaya: a ga ƙashin kafin a ɗaure shi

'Yan'uwa ɗalibai, a fikihu mun karanta hukuncin jabira, wato ɗaurin da ake yi wa karaya, wanda mai alwala yake shafa a kansa. Littafi ya gaya mana yadda za a shafa, amma yadda za a ɗaura kuwa aikin likita ne, kuma a New Bell, inda benskin ke kayar da mutane kullum, ya kamata mu san shi.

Ƙashi da kansa yake haɗewa, da ikon Allah. Jini ya taru a wurin, sannan wani danƙo mai taushi ya kama bakin biyu, a hankali ya zama ƙashi. Ga babba yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 ko fiye, yaro ya fi sauri. Aikin mai magani shi ne ya daidaita ƙashin, ya hana shi motsi. Shi ya sa mai ɗori yake dacewa a karaya mai sauƙi, mutane su ce hannunsa da albarka.

To ina matsalar? Wurin karaya kumbura yake yi. In an jera karare aka ɗaure tamau, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai jini ya daina sauka. Likitocin ƙashi a Najeriya sun sha rubuta rahoto a kan yaran da aka kawo da hannu ya ruɓe saboda irin wannan ɗauri, har aka yanke, alhali karayar ƙarama ce. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu sun yi sanyi ko sun sake launi, ko mutum ba ya jin su. Nan ba a cewa a jira gobe. Haka in ƙashi ya huda fata: bincike ya nuna ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuri yana rage ruɓar ciwon, ga kuma allurar tetanus. A rufe da ƙyalle mai tsabta, kar a zuba gari ko toka, a nufi Laquintinie ko asibiti mafi kusa.

Wasu kan ce asibiti na Nasara ne, ɗori namu. Ni dai ban ga haka ba. Abul Ƙasim Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya ware babi guda a kan karaya da gocewar ƙashi a littafinsa Attasrif. Abin da bai samu ba shi ne hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo a nan, don sai 1895 aka gano shi a Jamus. Da shi ake bambance targaɗe da karaya, a kuma ga ko ta taɓa gaɓa.

Game da rigakafi, wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2022, na mutum fiye da 25,000, ya nuna shan ƙwayar bitamin D bai rage karaya ba ga manya masu lafiya. Don haka kuɗin ya fi amfani a madara da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya, ga rana kyauta. Taba kuwa tana jinkirta haɗewar ƙashi. Kuma ƙoƙon kai ma ƙashi ne. Hular kwano ce kariyarsa, ko da daga Marché Central zuwa gida ne kawai.