Daga Ƙira zuwa Walda: Gyaran Injunan Wuta Cikin Ƙurarren Lokaci a Sabon Birni da Isa

Tsakure

Maƙalar ta dubi gyaran injunan samar da wuta a gabashin Jihar Sakkwato, ta kuma nuna cewa sanin halin ƙarfe da wuta, wanda Gobirawa suka gada daga ƙira, shi ne ginshiƙin gyara mai ɗorewa.

1.0 Gabatarwa

Babu babbar tashar lantarki a Sabon Birni ko Isa irin ta Kainji, wadda ta fara aiki a 1968. Wutar layi kuwa, da kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke kawowa, ba ta da tabbas. Saboda haka janareta da injin dizal ne madogarar asibiti da mai niƙa da manomin rani a fadamun Rima da Bunsuru. Rashin tsaron hanyoyi ya sa kai inji Sakkwato ya zama kasada, sai nauyin gyara ya koma kan mai waldan gari.

2.0 Gaggawa da Halin Ƙarfe

Gangar jikin injin dizal galibi ƙarfen zubi ce, mai yawan sinadarin kabon, wanda ke tsagewa idan ya huce farat ɗaya. Ƙa'idar aikin ita ce a huda ƙarshen tsagar ta kowane gefe don kada ta ci gaba, a ɗumama wurin, a riƙa liƙewa kaɗan-kaɗan da sandar walda mai nikel, sannan a binne ƙarfen cikin toka ko busasshen yashi ya kwana yana hucewa. Matakin ƙarshen nan ne mai inji ke matsa wa mai walda ya tsallake, domin albasa na jiran ruwa ko maganin rigakafi na ɗumi a firji. Idan aka zuba wa ƙarfen ruwa, sabuwar tsaga kan ɓullo gefen ɗinkin. Sauri ya haifi nawa ke nan.

3.0 Gadon Ƙira

Maƙerin baƙi kan auna zafi da launin ƙarfe, ya kuma san lokacin tsoma shi a ruwa da lokacin barin sa ya huce a hankali. Ko da injin walda ya maye gurbin zugazugi, kalmomi irin su awartaki da masaba da uwar maƙera suna raye tare da na aro kamar walda da kabaid.

4.0 Kammalawa

Akwai buƙatar manazarta su taskace waɗannan kalmomi da ilimin da ke cikinsu tun dattawan maƙera na raye, ganin yadda gudun hijira ke raba su da garuruwansu da almajiransu.