Kuɗin Ciyar da 'Ya'ya Idan Samun Uba Ya Sake

Darasimmu na yau ya shafi shari'a, amma gindinsa lissafi ne. Tambayar ita ce: idan aure ya mutu, alƙali ya yanka wa uba kuɗin da zai riƙa biya kowane wata don ciyar da 'ya'yansa, sa'an nan samunsa ya ragu ko ya ƙaru, yaya za a yi da wannan hukunci?

Za mu ɗauki misali daga Bukit Jalil, wata unguwa a kudancin birnin Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya. Nan ne aka yi wasannin ƙasashe renon Ingila a 1998, kuma ɗaliban Nijeriya da dama suna karatu a jami'o'in da ke wurin. Musulmin wannan unguwa suna ƙarƙashin Dokar Iyali ta Musulunci ta 1984, wadda ta shafi yankunan tarayya.

Sashe na 72 na dokar ya ɗora wa uba abinci da tufafi da wurin kwana da magani da karatun 'ya'yansa, ko suna hannunsa ko suna hannun wani, gwargwadon ƙarfinsa da matsayinsa. Wannan ya dace da aya ta 7 ta Suratu Ɗalaƙ, wadda ta rataya ciyarwa a kan abin da mutum ya mallaka. Watau dai alƙali yana riƙe da ma'auni mai kwano biyu: bukatar yaro a ɗaya, samun uba a ɗaya.

To, ga lissafin. A ce wani ma'aikaci albashinsa ringit 4,000 ne a wata, aka yanka masa 800. Wannan kashi ɗaya ne cikin biyar na samunsa. Idan aka rage masa albashi ya koma 2,000, kuɗin nan 800 sun zama kashi biyu cikin biyar. Adadin bai motsa ba, nauyin ne ya ninka. Irin wannan ya sami mutane da yawa bayan 18 ga Maris 2020, lokacin da gwamnatin Malesiya ta hana zirga-zirga saboda annobar korona, kasuwanni da ma'aikatu suka tsaya.

Abin lura a nan shi ne hukuncin alƙali ba ya sakewa da kansa. Sashe na 75 ya ba kotu ikon ragewa ko ƙarawa ko sokewa, in an tabbatar mata cewa hali ya sake ƙwarai, amma sai wanda abin ya shafa ya kai ƙara da shaida, kamar takardar albashi ko ta sallama daga aiki. Idan mutumin nan ya rage wa kansa, ya riƙa ba da 400 ba da izinin kotu ba, cikin wata goma sha biyu bashin ringit 4,800 ya hau kansa, kuma ana iya bin sa. Tun 2008 ma'aikatar shari'ar Musulunci ta ƙasar ta kafa sashen tallafa wa iyali, aikinsa shi ne bin diddigin waɗanda aka yanka wa kuɗi suka ƙi biya.

Haka kuma ƙofar a buɗe ta ke ga uwa. Yaron da ya ke shan nono sa'ad da aka yi hukunci, bayan shekara shida yana bukatar littattafai da kuɗin mota zuwa makaranta. Farashin kaya yana hawa, albashi ma yakan hau: mafi ƙarancin albashi a Malesiya ya tashi daga ringit 1,500 zuwa 1,700 a Fabrairun 2025. Uwar da ta ga samun uba ya ƙaru, bukatar yaro kuma ta ƙaru, tana da ikon neman ƙari. Hukuncin yakan tsaya har yaro ya cika shekara 18, kotu kuwa tana iya tsawaita shi in yana karatu mai zurfi.

A Kano ko Katsina ko Maraɗi ana bin mazhabar Malikiyya, a Malesiya kuwa Shafi'iyya, amma dukansu sun haɗu a kan cewa ciyar da ɗa wajibin uba ne bisa ƙarfinsa. Saboda haka uban da samunsa ya faɗi ya garzaya gaban alƙali tun bashi bai taru ba. Wanda Allah ya buɗa wa kuma kada ya jira sammaci, gama ɗan nasa ne.