Kafin a Ɗora Kaya: Yadda Ake Auna Amincin Masu Manyan Motoci a Mubi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Mubi ya saba da ƙugin tireloli. Garin yana dab da iyakar Kamaru, kuma kasuwar shanunsa, wadda muke kira Tike, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa maso gabashin Nijeriya. Daga nan ake lodin shanu da hatsi da wake, a bi ta Mararrabar Mubi, Hong, Gombi, Song da Girei zuwa Yola, tafiyar kimanin kilomita 200, sannan a miƙa Jalingo da Wukari har a dangana da kasuwannin Kudu. Dukiyar gidaje da yawa tana kwana a bayan waɗannan motoci, haka ma rayukan yaran da ke rakiyar dabbobin.

Abin da ya sa na ɗauki wannan batu shi ne abin da ya sami kawuna, wanda fataucin shanu ne sana'arsa. Sun haɗa kuɗi shi da abokansa biyu suka ɗauki tirela guda, domin kuɗinta ya fi na sauran sauƙi. Da asubar rana ta biyu, kafin su kai Wukari, motar ta kife. Shanun da suka karye a bakin hanya aka yanka su, aka sayar da naman yadda ta kama. Ɗaya daga cikin yaran rakiya har yau da sanda yake tafiya. Bayanin da aka kawo gida shi ne, "Birki ne ya tsinke." Sai bayan sati biyu kawu ya ji a tasha cewa motar ta sha ba da matsalar birki, kuma direban daren da ya dawo daga Kudu aka sake yi masa lodi. Kowa a tashar ya san haka, amma kawu bai tambaya ba. Wannan maƙala za ta duba yadda mai kaya zai auna amincin kamfani ko mai mota tun kafin a ɗora masa kaya. Da yake mu ɗaliban harshe ne, daga harshen zan fara.

2.0 Yadda Muke Ba da Labarin Haɗari

A saurari jimlolin da ake ji idan aka yi haɗari: taya ta fashe, birki ya tsinke, mota ta kife, mota ta ƙwace. Duk waɗannan aikatau, a rabe-raben da F. W. Parsons ya yi a 1960, 'yan giredi na 4 ne, kuma a nan sun zo a matsayin ƙi-karɓau. Aikau a kowace jimla abu ne marar rai: taya, birki, mota. Babu mutum ko ɗaya a ciki. Ko da direba ya shigo, sai ya shigo a matsayin wanda abin ya faɗa wa: "Mota ta ƙwace masa," ko "Barci ya ɗauke shi." Sai kuma a rufe zancen da karin magana, wai tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Waɗannan jimloli Hausa ce tsantsa, kuma akwai ladabi a cikinsu, domin ba a son ɗora wa mutum laifi a ranar da yake cikin jimami. Amma mai bincike dole ya juya su zuwa so-karɓau, ya nemo aikau ɗin da ya ɓuya. Wa ya sa tsohuwar taya? Wa ya ƙi gyara birki? Wa ya tura direban da bai yi barci ba? Hausa tana da kalmomin da suka bambanta waɗannan abubuwa: tsautsayi daban, sakaci daban, ganganci daban. Imani da ƙaddara bai hana a rarrabe su ba, kuma auna amincin kamfani ba wani abu ba ne illa wannan rarrabewa.

3.0 Ƙidayar Haɗurra da Tarkon da ke Cikinta

Abu na farko da mutum zai so ya sani shi ne sau nawa motocin wane suka yi haɗari. Tambayar tana da kyau, sai dai adadi shi kaɗai yana yaudara. Ga misali. A ce wani kamfani yana da motoci 40, a shekara guda 4 suka yi haɗari. Wani kuma motocinsa 5, amma 2 suka yi haɗari. A bakin jama'a na farko ne zai yi ƙaurin suna, domin an fi jin labarinsa. A lissafi kuwa, na farko mota 1 ce cikin kowace 10, na biyu kuma daidai yake da 4 cikin 10. Wato na biyu ya ninka na farko sau huɗu.

Ko wannan lissafin bai wadatar ba, sai an haɗa da nisan tafiya. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Mubi da Maiha ba daidai take da wadda ke zuwa Anacha ko Fatakwal kowane mako ba. Sannan a duba girman haɗarin, ko an rasa rai ko fitila ce kawai ta fashe, a kuma duba ko motar ce ta jawo shi ko ita aka daka tana tsaye.

Akwai tarko na ƙarshe. Mai mota ɗaya da ya shekara bai yi haɗari ba, wannan bai tabbatar da amincinsa ba, domin haɗari ba kullum yake aukuwa ba ko ga mai ganganci. Saboda haka masana ba sa jiran haɗari. Alamomin da ke gabatarsa suke bi, kamar dai yadda Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

4.0 Yadda Hukumomi ke Yi

A Amurka an kafa hukuma ta musamman mai sa ido kan kamfanonin manyan motoci, FMCSA, a shekarar 2000. A 2010 ta ƙaddamar da tsarin da ya kasa bincike gida bakwai: tuƙin ganganci, tarihin haɗurra, kiyaye awannin aiki, gyaran mota, shan ƙwaya ko giya, ɗaukar kaya masu haɗari, da cancantar direba. Ana tattara sakamakon binciken bakin hanya na watanni 24, laifin da ya fi kusa ya fi nauyi, sannan a gwada kamfani da takwarorinsa. Abin lura shi ne, cikin bakwai ɗin nan guda ɗaya kacal ne ya shafi haɗarin da ya riga ya faru. Sauran shida duk alamomi ne. Dokar ƙasar ta kayyade wa direban kaya tuƙin awa 11 bayan hutun awa 10. A Tarayyar Turai kuwa, awa 9 ce a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, kuma akwai na'urar da ke rubuta wannan a cikin motar.

A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a 1988. A 2007 ta fito da tsarin RTSSS, wanda ya wajabta wa duk mai motocin sufuri daga 5 zuwa sama ya yi rajista, ya naɗa jami'in kula da lafiyar motoci da direbobi, ya kuma riƙa ajiye bayanai. Daga 1 ga Fabrairun 2017 ta fara tilasta sa na'urar kayyade gudu a motocin haya. Ƙa'idar hanya ta ba tirela da tanka kilomita 50 a awa a kan babbar hanya, 60 a kan tagwayen hanyoyi.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Da yawa daga cikin motocin da ke lodi a kasuwanni irin namu na ɗaiɗaikun mutane ne masu mota ɗaya ko biyu, waɗanda ba su kai adadin rajistar ba. Mai kaya ma sau da yawa bai san mai motar ba, ɗan kamasho ne ke haɗa shi da direba. Saboda haka tarihin waɗannan motoci ba a takarda yake ba. Yana bakin bakanike, da mai faci, da yaron mota, da mai shayin tasha.

5.0 Abubuwa Biyar da Mai Kaya Zai Bincika

(a) Direba. Yaushe ya dawo daga tafiyarsa ta baya, kuma awa nawa ya yi barci? Lasinsa na rukunin G ne, wanda shi ne na tuƙa tirela? Akwai direba na biyu, ko yaron mota ake miƙa wa sitiyari idan dare ya yi? An san shi da shan ƙwaya don korar barci? Direban da ya daɗe a hannun maigida ɗaya alama ce mai kyau. Gidan da direbobi ba sa zama, akwai dalili.

(b) Mota. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da aka ƙera ta da shekarar. Idan an ga 2319, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2019. FRSC tana gargaɗin cewa taya tana ƙare aiki bayan shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta bai cinye ba. A saurari ko iskar birki tana zuba idan an kashe inji. A duba fitilun baya da ƙyallen da ke haskawa da dare, domin tirelar da ta lalace a kan hanya babu alama tarko ce ga na baya.

(c) Takardu. A nemi takardar lafiyar mota ta VIO da ta inshora. A sani kuma cewa inshorar dole da kowace mota ke yanka ta shafi ɓarnar da aka yi wa wasu ne a hanya, ba ta biyan kayan da ke cikin motar. Inshorar kaya daban take. Kawuna bai san wannan ba sai da ya je neman diyya.

(d) Yadda ake biyan direba. Wanda ake biya bisa yawan sawu, ko aka ba shi kuɗin mai a dunƙule aka ce rarar tasa ce, an riga an koya masa gudu da sakin giya a gangara. A nan masu kaya ma suna da nasu kason. Shanu suna galabaita idan tafiya ta yi tsawo, don haka falke da kansa yake matsa wa direba kada ya tsaya. Wanda ya ce a kai shi kafin kasuwa ta ci ko ta halin ƙaƙa, bai kamata ya yi mamaki ba idan barci ya ɗauke direba.

(e) Lodi. Shanu kaya ne masu motsi, idan suka karkata gefe guda a kwana sukan rinjayi mota. Mafi muni shi ne ɗora fasinja a saman dabbobi ko buhuna. A watan Satumban 2024, a yankin Agaie ta Jihar Neja, tankar mai ta yi karo da wata babbar mota da ta ɗauko mutane da shanu, aka rasa aƙalla mutum 48 da shanu kusan 50. Mai motar da ya yarda da irin wannan lodi ya riga ya nuna matsayin rai a wurinsa.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa yawan haɗari shi kaɗai ba ya bayyana amincin kamfani sai an auna shi da yawan motoci da nisan tafiya, kuma alamomin da ke gabatar haɗari sun fi amfani ga mai kaya. Ta kuma nuna cewa a Mubi bayanan suna nan, sai dai a baki suke. Wannan kuwa fagenmu ne. Mu ne aka koya wa yin hira, da naɗar magana, da rarrabe abin da mutum ya gani da abin da ya ji an ce. Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala karatu zai iya zama a tashar Tike ya tattara kalmomin direbobi da salon da suke ba da labarin haɗari, ko ya mayar da ƙa'idojin hanya cikin Hausa da Fulatanci yadda falken da bai yi boko ba zai fahimta.

Kawuna ya koma fatauci bayan shekara guda, da bashi a kansa. Yanzu kafin ya biya kuɗin mota sai ya zagaya ya duƙa ya karanta lambobin taya, ya sha shayi da yaron mota, ya tambayi ranar da suka dawo. Abokansa suna yi masa tsiya wai ya zama ɗan VIO. Yakan ce musu tambaya ba ta ci masa ko sisi ba, rashinta kuwa ya ci masa garke.